Taylor: yadda sana'ar tela ta zama sunan zuri'a a Ingila

Duk wadda ta taɓa kwance dilar gwanjo a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Wadata ta Yamai, ta san ɗan ƙyallen nan da ake ɗinkewa a wuyan riga ta ciki, mai ɗauke da sunan kamfani. Cikin sunayen da akan gani a rigunan mata akwai Ann Taylor. In kuna zaton wata hajiya ce mai kanti a Amurka, to ba haka ba ne. Wani mutum ne mai suna Richard Liebeskind ya buɗe kantin farko a shekara ta 1954, sunan kuwa na wani samfurin riga ne da ya yi kasuwa a kantin mahaifinsa. Amma rabin sunan na biyu, wato Taylor, suna ne na gaske, miliyoyin mutane sun amsa shi, kuma ma'anarsa tana bakinku kullum. Taylor dai tela ne.

I, telan nan da kuka sani, wanda in salla ta ƙarato zai ce maka "gobe", goben ta zo ya ce "jibi da yamma". Mu ma shaddarmu ta taɓa kwana talatin a ƙarƙashin keken wani, muka yi idi da tsohuwar riga. Kalmar tela ba asalin Hausa ba ce. Kakanninmu maɗinki suke cewa. Daga bakin Turawan Ingila ta shigo, lokacin da suka riƙe Najeriya, ta biyo keken ɗinki da ƴan kasuwa har ta ƙetaro iyaka. Abin mamakin shi ne su kansu Ingilawan aro suka yi. Kalmar ta Faransanci ce, daga tailler, wato yankawa. Ke nan ta tashi daga Faransa, ta yi shekaru ɗaruruwa a Ingila, ta sauka Legas da Kano, ta iso Maraɗi, sai ta tarar da ƴar'uwarta tailleur rubuce da fenti a allon shagon tela. Uwa ɗaya ta haife su, hanya ce ta bambanta.

Yadda laƙabi ya daskare

A shekara ta 1066 ne sarkin yankin Normandi na arewacin Faransa, Wiliyam, ya haye teku da rundunarsa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan fada da kotu da manyan gidaje suka koma Faransanci har kusan shekara ɗari uku. Ingilawa suna da tasu kalmar ta mai ɗinki, seamere, wadda ta bar ɗan ƙaramin sunan zuri'a, Seamer. Amma da yake masu kuɗin ɗinka manyan riguna su ne masu jin Faransanci, kalmarsu ce ta ci kasuwa. Ko yau ma mai saye da yawa shi ke raɗa wa haja suna.

A wancan zamani mutumin Ingila suna guda gare shi. Matsalar ita ce sunayen kaɗan ne. In ka shiga ƙauye ka kira John ko William ko Robert, mutane da dama za su waiwayo, kamar ka tsaya a tashar mota ka ce "Mamman!" Dole a ƙara laƙabi: John ɗan wane, John na bakin rafi, John gajere, John tela. Har nan babu abin da ya bambanta su da mu, masu cewa Audu Maƙeri, Sani Mahauci, Hajiya Mai-Atamfa. Inda hanya ta rabu shi ne nasu laƙabin ya daina mutuwa da mai shi. Ɗan John tela ya tashi ya zama manomi, bai taɓa riƙe allura ba, amma aka ci gaba da rubuta shi Taylor, haka jikansa, haka tattaɓa-kunnensa. Wajen shekara ta 1400 yawancin gidajen Ingila sun riga sun sami sunan da ake gada.

Me ya daskarar da shi? Takarda, kuma mafi yawa takardar haraji da ta gadon gona. A shekara ta 1377 hukuma ta aza lanho a kan kowane kai, peni huɗu ga duk wanda ya kai shekara 14, mace ko namiji. Aka sake a 1379. Na uku, wanda aka bi karɓa a 1381, ya kai sule guda, wato peni 12, ninki uku na farkon. Mai karɓar lanho ba ya son ruɗani, yana son ya san wane John ne ya biya, wane ne ya ɓuya. Talakawa kuwa abin ya ishe su, suka yi bore suka shiga Landan, a ƙarƙashin wani mai suna Wat Tyler, wanda aka kashe a gaban sarki Richard na biyu cikin watan Yuni na shekarar. Kada ku haɗa Tyler da Taylor, ko da yake kunne na iya ruɗa su. Tyler mai rufin ɗaki ne da fale-falen yumɓu, ba ruwansa da almakashi. Daga baya, a 1538, aka umurci kowace majami'a ta riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa, sannan a 1837 gwamnati ta kafa nata rajistan. Suna in ya shiga irin waɗannan littattafai, fitarsa sai da wahala.

Akwai abin lura a ma'anar kalmar. Ba ta ce mai ɗinki ba, ta ce mai yanka. Ɗinki kusan kowace mace a gida ta iya shi. Abin da ake biyan kuɗi a kai shi ne wanda zai dubi jikin mutum, ya sa almakashi a yadi mai tsada ba tare da ya ɓata shi ba. A ƙarni na 14 ne Turawa suka bar manyan riguna masu faɗi suka koma masu kama jiki, da maɓallai jere a gaba da hannu, sai sana'ar ta yi daraja. Ku tambayi duk telan da ya koyar da yara: yaro na iya shekara yana taka keke kafin maigida ya yarda ya miƙa masa almakashi a kan shaddar mutane.

Rigimar na shida da na bakwai

Telolin Landan sun haɗa ƙungiya tun da wuri. Sarki Edward na uku ya ba su takardar izini a 1327. Da tafiya ta yi tafiya, manyansu suka bar allura suka koma fataucin yadi, har a 1503 aka sauya wa ƙungiyar suna ta zama Merchant Taylors, wato teloli fatake. Zaurensu yana nan a titin Threadneedle, sunan da ya haɗa zare da allura, titin da babban bankin Ingila yake. A 1561 suka kafa lakkwal wadda har yanzu tana aiki.

Labarinsu da ya fi ba mu dariya, don mun san irinsa a kasuwanninmu, shi ne na rigimarsu da ƙungiyar masu fataucin fatu masu gashi. A wancan zamani, duk shekara in an yi sabon magajin garin Landan, ƙungiyoyin sana'a kan yi masa rakiya cikin jirage a kogin Tems, kowace a matsayinta. Teloli suka ce su ne na shida, masu fatu suka ce faufau, su ne. Abu ya yi zafi har aka kai gaban magajin gari Robert Billesden a shekara ta 1484. Hukuncin da ya yanke shi ne a riƙa karɓa-karɓa: bana teloli na shida masu fatu na bakwai, baɗi a juya. Ya kuma ɗora musu cewa kowace shekara kowane ɓangare ya kira ɗaya cin abinci. Fiye da shekara 500 ke nan, kuma har yanzu suna juyawa, suna kuma cin tuwon juna. Shugabannin ƴan kasuwarmu masu faɗa kan wa zai zauna kusa da gwamna, ga dabara kyauta.

Yawansu, da abin da ba su haɗa ba

A Ingila Taylor yana cikin sunaye biyar da suka fi yawa, tare da Smith da Jones da Williams da Brown. Cikin sunayen sana'a kuwa Smith kaɗai, wato maƙeri, ya fi shi. Ya yi kauri ƙwarai a yankin Lankasha na arewa maso yamma, yankin masaƙun Mancesta da suka daɗe suna aiko da yadi Afirka ta Yamma. A Amurka, ƙidayar 2010 ta sami mutum fiye da 750,000 masu wannan suna, shi ne na 17 a ƙasar. Wasu ƙasashen ma suna da nasu: Schneider a Jamus, Szabo a Hangari, Khayyat a ƙasashen Larabawa, duk tela ne.

To amma ga inda ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe ido. Waɗannan mutane ba dangi ba ne. Kowane gari yana da telansa, kowane tela ya bar zuri'arsa, babu kaka guda da ya haɗa su. Taylor biyu in sun haɗu a jirgi ba su fi Tela na Tawa da Tela na Mirya kusanci ba. Duk da haka akwai masu cin abinci da wannan ruɗani. A shagunan ƴan yawon buɗe ido da kuma intanet ana sayar da allo mai zanen garkuwa, a ce wai tambarin gidan Taylor ne. Hukumar da ke ba da irin wannan tambari a Landan ta sha bayyana cewa tambari na mutum guda ne da zuri'arsa, babu tambarin suna. Mafi muni su ne masu aiko saƙo ta waya cewa wani attajiri mai irin sunanka ya mutu bai bar magaji ba, ka turo ƴan jikkuna na takardu a sakar maka dukiya. Suna ɗaya ba ya ba da gado a kotun Ingila, haka ba ya bayarwa a gaban alƙalinmu.

Sunan ya ƙetare teku ta hanyoyi masu daɗi da marasa daɗi. Zachary Taylor, shugaban Amurka na 12, wanda ya hau a 1849 ya mutu kan mulki a 1850, yana da bayi a gonakinsa. Baƙaƙen fata da yawa a Amurka sun fita daga bauta ɗauke da irin waɗannan sunaye, na tsofaffin iyayengiji ko wanda suka zaɓa da kansu. Wasunsu suka dawo Afirka suka kafa Laberiya, wadda ta sami ƴanci a 1847. Ta haka aka sami Charles Taylor, shugaban ƙasar daga 1997 zuwa 2003, wanda ya yi gudun hijira a Kalaba, aka kama shi a iyakar Gamboru cikin 2006, kotun musamman ta Saliyo ta yanke masa shekara 50 a 2012, aka kai shi kurkuku a Ingila. A Saliyo kuma, bayin da jiragen Ingila suka ƙwato a teku sukan ɗauki sunayen ƴan mishan. Wani likita ɗan Firitawun mai suna Taylor shi ne mahaifin Samuel Coleridge-Taylor, shahararren mai tsara kiɗa da aka haifa a Landan a 1875. Har harshenmu sunan ya taɓa: F. W. Taylor, jami'in ilimi na zamanin Turawa a Yola, ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1923.

Mata fa? A nan ne muke ganin al'adarmu ta fi tasu adalci. A Ingila mace in ta yi aure takan ajiye sunan ubanta ta ɗauki na miji. Al'ada ce, ba doka ba, shi ya sa ƴar fim Elizabeth Taylor ta yi aure sau takwas ba ta saki sunanta ba. Amma a da abin ya wuce suna. Kuɗin da matar aure ta samu da guminta na miji ne a idon doka, sai da dokokin 1870 da 1882 suka ba ta ikon mallakar abinta. Birnin Landan ne ya yi wa mata ƴan kasuwa ƴar ƙofa tun zamanin da: matar aure na iya yin rajista ta yi ciniki da sunan kanta, ribarta tata, bashinta nata. Kuma sana'o'in mata sun bar sawu a sunaye. Baxter asalinsa mai gasa burodi ce, Webster masaƙiya, ko da yake daga baya maza ma sun shiga ciki. Ku ƴan kasuwa kuma naku sunan shi ne Chapman, daga tsohuwar kalmarsu ta ciniki, wato mai saye da sayarwa, ɗan koli mai bin kasuwanni.

Mu a nan har yanzu sunan yanka da sunan uba muke haɗawa, kowane ƙarni ya sauya. Amma abin da ya faru a Ingila ya soma leƙo mu. Madugu, wanda asalinsa jagoran ayari ne, ya zama sunan da ake gani a takardun mutanen da ba su taɓa kora jaki zuwa Gwanja ba. Takardar haihuwa, katin shaida, fasfo, asusun banki, kowanne yana son suna guda da rubutu guda. Ingilawa ma sun sha wannan: malamin majami'a ya rubuta yadda kunnensa ya ji, shi ya sa ake da Taylor da Tayler da Tailor, asali ɗaya, takardu daban. Wanda aka taɓa hana shi karɓar kuɗin da aka aiko masa don katinsa ya ce Mahamadou, saƙon kuma ya ce Mamadou, ya san zafin harafi guda. Saboda haka ranar da kuka je lameri yanka wa jariri takarda, kada ku karɓa ku ninke ku sa aljihu. Ku sa a karanta muku sunan yaron da na ubansa da na uwarsa, harafi bayan harafi, ku gwada da abin da ke katinku, tun ma'aikacin bai buga hatimi ba.