Yadda rana ke lalata man girki a Kasuwar Kilomita Biyar

A Kasuwar Kilomita Biyar, wato PK5, cibiyar cinikin birnin Bangui, ana yawan jera manja da man gyaɗa cikin gorunan roba a fili, rana na dukansu. Idan suka daɗe a haka, jan manjan yakan dusashe, man ya fara wari da maƙaƙi, ɗan kasuwa ya tafka asara.

Haske ne ke tayar da ɓarnar. Da ya ratsa gora, sai ya ingiza iskar oksijin ta afka wa ƙwayoyin man. Duk ƙwayar da ta lalace sai ta fizge haidurojin daga maƙwabciyarta, ita ma ta fizga daga ta gaba, abin ya bazu kamar wutar daji.

Sinadaran fenol ne ke datse wannan yaɗuwa. Suna miƙa wa ƙwayar nasu haidurojin, su kuma ba sa fizga daga kowa. Bitamin E da ke cikin manja da man gyaɗa yana daga cikinsu, haka ma sesamol na man riɗi. Wasu kamfanoni suna ƙara BHA, BHT ko TBHQ, waɗanda ake rubutawa E320, E321 da E319 a jikin gwangwani.

Sai dai kariyar tana ƙarewa, domin duk fenol ɗin da ya yi aiki ya tafi ke nan. Shi ya sa ake son a ajiye mai a inuwa, cikin jarka mai duhu, a rufe ta ruf.