Ga kuɗi a hannu, amma sai da kupon: yadda aka yi ciniki a Yukren da Lituwaniya lokacin canjin kuɗi

Tun da Janar Abdourahamane Tiani ya taɓo maganar kuɗin bai ɗaya na ƙasashen AES, cikin watan Fabrairun 2024, tambaya guda ke ta yawo a fada da bakin kasuwa: in ƙasa ta saki tsohon kuɗi, sabo kuma bai zauna da gindinsa ba, da mi za a yi cefane a tsakani? Ba hasashe za mu yi muku ba. Za mu kai ku ne wasu ƙasashen gabashin Turai da suka ratsa wannan mashigi shekara talatin da ɗoriya baya, inda aka kai lokacin da kuɗi kaɗai ba ya sayen kaya sai an haɗa shi da wata ƴar takarda da ake kira kupon.

Kafin ƙarshen 1991, Rasha da Yukren da Lituwaniya da wasu jamhuriyoyi 12 duk ƙasa guda ce, Tarayyar Sobiyet, kuɗinsu kuma guda, sunansa rubul. Gwamnati ce ke da kantuna, ita ke yanka farashi. Da tattalin arziki ya soma tangal-tangal, sai kuɗi ya yi yawa a aljihun mutane, kaya suka yi ƙaranci. Sukari, sabulu, man girki, takalmi, da an sauke su sai layi, kafin azahar kanta ta koma wayam. To tun da rubul ɗin Mosko shi ne rubul ɗin Kiyef, ba abin da zai hana mutum ya hau jirgin ƙasa daga wata jamhuriya ya zo ya kwashe kayan wata. Kowace hukuma sai ta shiga neman dabarar da za ta tsare wa mutanenta abin da ya rage.

Yukren ta fito da tata dabarar cikin watan Nuwamban 1990. Ranar biyan albashi ko fansho, bayan rubul, sai a miƙo maka fallen takarda mai ɗauke da ƙananan gidaje, kowane gida da adadinsa, an buga mata hatimin ma'aikatar da ta ba ka. In ka je kantin gwamnati, ka biya kuɗin kaya da rubul, mai kanti kuma ya sa almakashi ya yanke kupon daidai da abin da ka saya. Mu kwatanta da sefa don a gane: bargo na jika biyar, sai ka ajiye jika biyar ta kuɗi, ka ƙara da kupon na jika biyar. In ba ka da kupon, ko buhun kuɗi ka ɗauko, bargon ba naka ba ne. Takardar ta wata guda ce. Wata na ƙarewa ta mutu.

Kun ga ke nan kupon ba kuɗi ba ne a lokacin. Shinge ne. Yana cewa wanga mai saye ɗan gida ne, kuma ga iyakar rabonsa. Sai dai shingen da aka yi da takarda ba ya wuyar tsallakewa. Nan da nan aka samu masu sayen kupon daga hannun talaka suna sayar wa mai hali, aka samu masu buga na jabu. Kuma, abin da ya fi komai, kupon bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ta sukari a ƙasar ba.

Lituwaniya, ƙaramar ƙasa a bakin tekun Baltik, ta bi kusan wannan hanya cikin watan Agustan 1991, zamanin firaminista Gediminas Vagnorius. Nasu sunansa talonas. Ana ba ma'aikaci kashi 20 cikin 100 na albashinsa a talonas, kada ya wuce 200. Abinci ana saye da rubul kawai, amma sauran kaya sai ka biya farashin sau biyu, sau ɗaya da rubul, sau ɗaya da talonas. Ku lissafa da kanku: mai son firji ko talabijin, wata nawa zai yi yana tara kashi ɗaya cikin biyar na albashi? Cinikin manyan kaya ya faɗi warwas. Mutane suka laƙa wa takardun sunan firaministan don ba'a, wasu kuma, ganin hotunan dabbobi da tsuntsayen da ke jikinsu, suka riƙa kiran su tikitin shiga gidan namun daji.

Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje cikin Disamban 1991, sai aikin kupon ya sake. Injinan buga takardar rubul duk suna Rasha. Ranar 2 ga Janairun 1992 Rasha ta saki farashi, kaya suka yi tashin gwauron zabi, takardar kuɗi ta daina isar kowa, maƙwabta suka rasa abin biyan albashi. Ranar 10 ga wannan watan Yukren ta fito da sabon kupon, karbobanets, wanda aka bugo a Faransa. Wanga ba a yanka shi da almakashi, hannu zuwa hannu yake yawo kamar kuɗi, kafaɗa da kafaɗa da rubul. Cikin Nuwamban 1992 aka sallami rubul, kupon ya zama shi ne kuɗin ƙasa.

A nan ne hanyoyin ƙasashen biyu suka rabu, kuma a ganinmu nan ne gundarin labarin. Lituwaniya ta ɗauki talonas a matsayin gada, ba gida ba. Ta bar rubul ranar 1 ga Oktoban 1992, babban bankinta ya ja linzamin buga kuɗi, ranar 25 ga Yunin 1993 ta fito da sabon kuɗinta, litas, talonas 100 a litas guda. A 1994 ta ɗaure shi da dalar Amurka, litas huɗu dala ɗaya. An sha wuya, tsada ta ci mutane, amma abin bai daɗe ba.

Yukren kuwa ta mai da injin buga kupon saniyar tatsa. Masana'antun gwamnati da gonakin haɗin gwiwa na neman kuɗi, sai a buga a ba su. A shekarar 1993 kaɗai farashin kaya ya ninka fiye da sau ɗari. Takardar da aka fara da 1, 3, 5 har zuwa 100, a 1995 sai ga ta miliyan guda. Wa ya ji a jikinsa? Tsoho mai fansho, malamin lakkal mai jiran ƙarshen wata, da duk wanda ya yi shekaru yana ajiya a bankin gwamnati. Ajiyar ta narke kamar gishiri cikin ruwa. Manomi mai dankali da alkama da dabba ya ɗan fi samun sauƙi, don ya koma musayar kaya da kaya. Wanda ke da ɗan uwa a waje mai aiko da dalar Amurka ko mak na Jamus, shi ma ya samu inda zai raɓe.

Ba su kaɗai ba ne. Jojiya ta yi nata kupon a 1993, da ta zo canza shi a 1995 sai da aka ba da miliyan guda kafin a karɓi lari ɗaya. Moldoba da Uzbekistan su ma sun bi ta kan kupon. Estoniya kuwa ba ta tsaya kan wannan gadar ba, kai tsaye ta fito da kuɗinta, kron, cikin watan Yunin 1992.

Yukren sai ranar 2 ga Satumban 1996 ta fito da kuɗin da take ci har yau, hiribniya, lokacin Viktor Yushchenko na shugaban babban banki. An ba jama'a sati biyu su kawo kupon ɗinsu: duk 100.000 a karɓi hiribniya ɗaya.