Da Rana Tela, Da Dare Sha'iri

Idan watan Mauludi ya kama, duk wanda ya kai ɗinki cikin birni sai ya yi haƙuri da telansa. Akwai wani da nake kai wa aiki shekara da shekaru a wajen Soron Ɗinki. Shagonsa bai fi taku huɗu ba: keke biyu, dutsen guga na gawayi, da tarin yadin mutane a kan benci. A jikin bango, sama da ƙusar da yake rataye tef ɗin awo, akwai mandiri a cikin wata jakar atamfa da ta koɗe. Da rana ba ya taɓa shi. Amma in ka zauna jiran a sa maka maɓalli, za ka ji ƙafarsa a kan keke tana bin wani kiɗa da kai ba ka ji, leɓensa yana motsi, can sai ya tsaya ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta baiti ɗaya ya mayar. Bayan sallar isha'i zai ja ƙofar shago, ya sa farar riga, ya shafa turare, ya saɓa jakar nan. A majalisi babu mai ce masa tela. Sha'iri ne, da 'yan amshinsa huɗu, ɗaya mai sayar da takalma a Ƙofar Wambai, ɗaya malamin Islamiyya, biyu yaran shago a Kantin Kwari.

Irinsa ba su ƙirguwa tsakanin Ƙofar Mata da Ƙofar Kabuga. Mawaƙan da muke ji a rediyo, masu motoci da yaran kiɗa, 'yan ƙalilan ne. Yawancin kiɗan da ke tashi a cikin badala, na suna da na biki da na Mauludi da na Sallah, yana fitowa ne daga hannun mutanen da kuɗin cefanensu daga wani wuri yake zuwa. Abin da yake damuna shi ne ba mu cika lissafa su ba idan ana zancen waƙar Hausa, alhali su ne suke riƙe da ita.

Wannan tsari yana da tushe a yadda Bahaushe ya kasa sana'o'i. Akwai sana'ar gado, akwai ta haye. Kiɗa da roƙo a da na gado ne, gida-gida ake yin su, ɗa ya tashi ya ga kalangu a rataye a zauren ubansa, ya fara da kuntuku kafin a yarda ya ɗauki babba. Kuma kalmar maroƙi tana da nauyi a kunnen mutanen birni. Ana son waƙarsa, ana tsoron bakinsa, ana yi masa kyauta, amma in ya zo neman aure sai a fara kame-kame. Har gobe, tambayar farko da waliyyin yarinya zai yi ita ce: “Mece ce sana'arsa?” In aka ce waƙa yake yi, sai dattijo ya gyara zama ya ce, “To, ban da waƙar fa?” Wannan tambaya ta biyu ita ta zaunar da samari da yawa a kan keken ɗinki da teburin kasuwa. Wanda yake da shago, in ya yi waƙa sai a ce baiwa ce Allah ya ba shi. Wanda ba shi da komai sai murya, roƙo ake cewa yana yi, ko da waƙarsu iri ɗaya ce. Shi kansa Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, mahaifinsa bai so ya yi ta ba, kuma tallan goro da na alewa ya fara yi kafin duniya ta san muryarsa.

Sai dai tun asali kiɗa da sana'a a Kano ba su taɓa zama nesa da juna ba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa aka fara busa kakaki a fada. Kusan kowace babbar sana'a tana da kiɗanta. Mahauta nasu kalangu ne: makaɗi yana tsaye a gefen rumfa, yana kaɗa taken Sarkin Fawa da na sauran mahauta ɗaya bayan ɗaya, mutanen unguwa su ji su san an yi yanka, in an tashi a sallame shi da tsoka. Maƙera nasu dundufa. Manoma suna da gangar noma da ake kaɗa wa 'yan gayya. Ko aikin da ba a gayyato makaɗi ba, masu yin sa suna samar masa da kiɗa. Je ka Ƙofar Mata, bayan marina, inda masu bugu suke daka shadda a kan gungume: sandunansu ba sa faɗuwa barkatai, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, har mai wucewa ya sami kansa yana gyaɗa kai. Haka luguden mata a turmi, haka waƙar niƙa da ta daɓe. Yaron da ya tashi a irin wannan gari, kunnensa ya riga ya koyi kiɗa kafin ya san sunan kowace ganga.

A fada akwai masu sarautar kiɗa da busa, waɗanda suka gaji tambari da kakaki da algaita kaka da kakanni. Amma dubi ayarin da ke bin kowane hakimi ranar Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa. Da yawa daga cikin masu ganga da algaitar nan manoma ne daga gundumomi, wasu masu faci ne, wasu 'yan dako, wasu dukawa masu ɗinkin fata. Kwana huɗu ko biyar suke yi cikin rana da ƙurar dawaki, a ba su abin da aka ba su, su koma. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Na yi murna ƙwarai, kuma a raina na ce rabin wannan lambar yabo ta masu busa ce, domin hawan da babu algaita da tambari ai kilisa ce kawai.

Inda abin ya fi burge ni shi ne cikin gida, wajen mata. A lungunan Mandawari da Sheshe da Zage da wuya ka sami matar aure da ba ta da 'yar sana'arta a ɗaki. Wannan kitso, wannan ɗinkin hula, wannan ƙuli-ƙuli, waccan alkaki da dubulan na gara. A cikinsu akwai waɗanda unguwa ta san hannunsu da ƙwarya. Ranar suna, bayan maza sun watse an yi la'asar, sai a jawo babbar roba a cika ta da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, a kawo wasu busassu a kifa a ƙasa. Mai ƙosan da ka saya a wurinta da safe, hannunta duk ƙanshin mai, ita ce za ta zauna ta ware ƙafa ta ɗauki 'yan sanduna. Ƙwaryar ruwa tana ba da murya mai zurfi kamar daga cikin rijiya, busassun suna amsa mata da kaifi. Sai wata ta ɗauko waƙa, a yi wa maijego kirari, a taɓa kishiya da habaici ba tare da an kama suna ba, a yi wa dangin miji tsiya cikin raha, maguɗiya ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Liƙin da aka yi, a ƙulle shi a bakin zane a raba, wani kason ya tafi adashi. Kafin magariba an kwashe ƙore, an zubar da ruwa, kowa ta koma ga murhunta. Daga irin wannan tsakar gida amada ta fito har ta kai ga su Hajiya Uwaliya Mai Amada a nan Kano da Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Su an ɗauke su a kaset. Dubban da suka koya musu salon, waɗanda ba su taɓa fita zaure da waƙarsu ba, babu wanda ya ɗauki muryarsu, kuma kullum tsofaffin cikinsu tafiya suke yi da abin da ke kansu.

Wani zai ce, to me ya hana mai irin wannan baiwa ya saki komai ya kama waƙa? Amsar tana cikin kalandar garin. Bukukuwa suna cunkushewa ne a Rajab da Sha'aban, kowa yana so ya kai amarya kafin azumi, sai kuma bayan kaka da bayan Sallah. Da azumi ya kama, kiɗan biki ya tsaya cak, sai tashe daga goma ga wata, wanda yara da samari suke yi, da su Nalako mai kamun gwauraye, da masu buga gwangwani suna tashin mutane sahur. Sha'irai nasu watan Rabi'ul Awwal ne, daga tsayuwar wata har Takutaha da ake hawa Dala, ana karanta Ishiriniya a zawiyoyi ana majalisi dare da rana. Wata mai bi masa kuma Maukibin Ƙadiriyya, ranar da masu bandiri suke fitowa daga Kabara, gidan Shehu Nasiru Kabara da ya rasu a 1996, tituna su cika maƙil. Waɗannan masu bandirin ma ba don kuɗi suke yi ba, ibada suka ɗauke shi, washegari kowa yana rumfarsa. In ka haɗa duka, watannin da kiɗa yake kawo wani abu ba su kai rabin shekara ba, ciki kuwa ba ya hutu. A 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe gari aka hana taro, aka kuma fasa hawan Sallah, an ga bambanci ƙarara. Wanda ke da keke ya koma ɗinka takunkumin fuska, mai ƙosai ta ci gaba da suya a cikin gida. Wanda ganga kaɗai ya sani ya sha wuya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Marubuta waƙa ma haka suka rayu. Su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu, waɗanda suka jagoranci ƙungiyoyin Hikima da Hausa Fasaha, sun tara malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa masu rubuta waƙa bayan an tashi aiki, suna rerawa a rediyo ba ganga ba kalangu. Aminu Ala, ɗan Yakasai, littattafan labari ya fara rubutawa kafin waƙa ta yi masa suna.

Samarin yau sun canja kayan aiki ne kawai. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta zama gonar matasa, kuma a cikin direbobinta akwai mawaƙa da dama. Zai fita tun asuba, ya haɗa balas ɗin mai mashin, ya sha mai, ya ajiye na cefane, abin da ya ragu ya tara har ya isa kuɗin sitidiyo a titin Gidan Zu, inda mai fiyano zai haɗa masa kiɗa cikin awa biyu. Daga nan sai ya kai wa masu tura waƙa a waya, ya sa a TikTok, ya kunna wa fasinja a cikin mashin ɗinsa yana satar kallon fuskarsu ta madubi. Wasu masu gyaran waya ne a Farm Centre, wasu masu aski, wasu ɗalibai a Jami'ar Bayero. Fatansu ɗaya: kakar zaɓe ta zo wani ɗan takara ya ji waƙarsu, ko wani mai shirya fim ya saya. Kaɗan ne suke dacewa. Sauran suna ci gaba da tuƙi, kuma ba su daina rubutawa ba.

Abin da nake gani a matsayin rashin adalci shi ne yadda muke sallamar su. Mutum zai kama zauren biki da kuɗi masu yawa, ya biya mai hoto, ya biya dije tun kafin ranar, amma in aka zo kan masu ƙwarya ko mai kalangun unguwa sai a ce, “Ai na gida ne, a ba su na goro.” Da yake an san suna da sana'a, sai a ɗauka lokacinsu ba shi da kuɗi, alhali telan nan rufe shago ya yi ya zo, mai kitson nan mutum uku ta sallama. Fatar kalangu tana fashewa, tsirkiya tana tsinkewa, ƙwarya tana tsagewa, kuma duk daga aljihunsu ake gyarawa. Su kuma kunya ba ta barinsu su yi ciniki, don kada a ce sun zama maroƙa.

Ina roƙon masu biki da su yanka wa waɗannan bayin Allah ladansu tun kafin ranar, kamar yadda ake yi wa kowane mai aiki. Ɗaliban sashen Hausa da ke neman abin nazari kuma, ba sai sun yi nisa ba. Su shiga Jakara da Dukawa da Ƙoƙi da na'urar ɗaukar murya, su nemi izinin masu gida, su zauna da tsofaffin nan mata da maza tun suna da rai. Mai karatu, kai ma in ka je karɓar ɗinki ka ga jaka a rataye a bango, tambayi mai shagon abin da ke ciki, kuma ka tambaye shi inda za su yi majalisi a daren.