Tiyatar Rage Ƙiba: Abin Da Ke Biyo Bayan Wuƙar Likita

Ma'aikacin da ke zaune a Suleja yana aiki a sakatariyar tarayya kan bar gida tun da asuba, ya wuce Madalla da Dutsen Zuma, ya kutsa cunkoson Zuba, ya wuni a kan kujera, ya dawo bayan isha'i ya tarar da tuwo. Shekara goma a haka ta isa ta tara teɓa, ita kuwa teɓa a nan kallon shaidar samu ake yi mata, har sai ciwon sukari da hawan jini sun biyo baya.

Da an ambaci tiyatar rage ƙiba, da yawa kan tuna da Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa, wadda ta rasu a Sifaniya a watan Oktoba na 2005. Sai dai nata aikin na zuƙe kitse ne don gyaran sura. Wanda ake yi wa mai matsananciyar ƙiba daban ne: ko dai a yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a bar siririyar jaka, ko a karkatar da abinci ya tsallake wani sashe na hanji. Yunwa kanta takan ragu, domin sashen da ake cirewa shi ne ke fitar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da ita.

Sakamakon ba na wasa ba ne. Wani bincike da aka fara a Suwidin a 1987, mai mutum fiye da 4,000, ya nuna cewa waɗanda aka karkatar wa hanji sun zubar da kusan kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a shekara biyun farko. Bayan shekara goma ragin ya tsaya a kashi 25, wato wani abu ya dawo, amma mace-mace sun ragu a tsakanin waɗanda aka yi wa aiki. A Cleveland ta Amurka kuma, bayan shekara biyar, sukarin kashi 29 cikin ɗari na masu irin wannan aiki ya daidaita, yayin da masu magani kaɗai ba su wuce kashi 5 ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗannan alƙaluma na mutanen da likita bai daina bibiya ba ne. Wanda aka yi wa aikin zai sha bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da na ƙarfafa ƙashi har ƙarshen rayuwarsa, ya riƙa gwajin jini, ya koma cin loma kaɗan kaɗan. Mace za ta jinkirta ɗaukar ciki aƙalla shekara guda, azumin farko ma sai da shawarar likita. Wanda ya tafi Indiya ko Turkiyya ko Masar aka yi masa, ya dawo Suleja ba tare da ya tanadi likitan da zai karɓi takardunsa ba, ƙarancin jini na iya cin jikinsa wata da watanni yana ɗora laifin a kan gajiyar hanyar Abuja.