Siririyar Shimfiɗar Mahaifa: A Nemo Sanadi Kafin Magani

Duk wata, mahaifar mace kan yi wata shimfiɗa mai laushi a cikinta, inda ɗan tayi zai maƙale. In ciki bai shiga ba, ita ce ke zubowa a matsayin jinin al'ada. Likitoci kan auna kaurinta da na'urar hoton ciki gab da fitar ƙwai, kuma idan ba ta kai milimita 7 ba sukan ce ta yi siriri. Ciki kan iya shiga duk da haka, sai dai damar ta ragu.

Maganin yana bin sanadi ne. Wata ƙarancin sinadarin istirojin ke damunta, sai a ba ta shi, ko ta haɗiya ko ta matsa. Wata kuwa tabo ne ya manne bangon mahaifarta bayan wankin ciki, cutar da likita Joseph Asherman ya yi bayaninta a 1948. Wannan kam, ƙwaya ba ta isa ba, sai an shiga da siririyar kyamara an raba tabon. Gudun irin wannan illa ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a zuƙe ragowar ɓari da na'ura maimakon kankare mahaifa da ƙarfe. Tarin fuka ma kan sauka a mahaifa ba tare da tari ba, kuma shan maganinsa wata shida ne.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin Clomid. Mata da dama a ƙasar Hausa kan saye shi a kemis, don ƙawa ta ce shi ya ba ta haihuwa. Gaskiya yana sa fitar ƙwai, amma a wasu mata shi ne ke sirantar da shimfiɗar. In likita ya ga haka, yakan canza mata zuwa maganin letrozole.

Akwai kuma asfirin kaɗan-kaɗan, da Viagra ta matsawa don ƙara gudun jini, da allurar wani ɓangare na jinin mace cikin mahaifarta. Ana gwada su, musamman a cibiyoyin dashen ɗan tayi, amma hujjarsu ba ta yi ƙarfi ba tukuna, wasu kuma tsada gare su.

'Yar'uwa, in al'adarki ta ragu sosai bayan wankin ciki, ki ga likitan mata kafin ki sayi kowace ƙwaya.