An Riga An Yi Mana Iso

Mutane da yawa, yara da manya, sukan daina addu'a daidai lokacin da suka fi bukatarta. Ɗalibi ya yi satar amsa a jarrabawa, ko ya yi wa iyayensa ƙarya a kan kuɗin makaranta, sai zuciyarsa ta riƙa ce masa, "Da wane baki za ka kira sunan Allah?" Zai zo sujadar safe, ya rufe ido tare da kowa, amma ba ya cewa komai. Yana jira sai ya gyara halinsa tukuna. Mako ya wuce, wata ya wuce, har ya saba da zama nesa da Ubangiji. Wannan shi ne haɗarin, domin wanda ya bar addu'a saboda kunya, yau da gobe zai bar ta saboda taurin zuciya.

Jin rashin cancanta yana da tushe. Allah mai tsarki ne, mu kuwa masu zunubi ne. Ko a fadar sarki na duniya, talaka ba ya kutsa kai haka kawai, sai an yi masa iso. A Littafin Esta sura 4 mun ga cewa a fadar Shushan, duk wanda ya shiga wurin sarki Ahasurus ba tare da an kira shi ba, hukuncinsa kisa ne, sai dai in sarki ya miƙa masa sandansa na zinariya. Esta sarauniya ce, amma ta yi kwana 30 ba a kira ta ba, sai da ta yi azumin kwana 3 kafin ta shiga, ranta a hannunta.

Shiga gaban Allah ya fi wannan nauyi. Bisa ga Littafin Firistoci sura 16, babban firist ne kaɗai yake wuce labule zuwa Wuri Mafi Tsarki, sau ɗaya tak a shekara, a Ranar Kafara, wato rana ta 10 ga wata na 7. Ba ya shiga hannu wofi. Yakan ɗauki jinin bijimi saboda zunubin kansa da na gidansa, sa'an nan jinin bunsuru saboda jama'a. Sauran mutane duka suna waje suna jira.

To, me ya sāke? Matiyu 27:51 ya shaida mana cewa sa'ad da Yesu ya mutu a kan gicciye, labulen Haikali ya tsage biyu, tsagewar kuwa ta fara ne daga sama. Ashe Allah ne da kansa ya buɗe hanyar. Shi ya sa marubucin Ibraniyawa, a sura 4 aya 14 zuwa 16, ya ƙarfafa mu mu matso da gabagaɗi, domin Babban Firist ɗinmu ya sha gwaji irin namu, ya san kasawarmu, bai kuwa yi zunubi ba. Yesu ne ya yi mana iso. In baƙo ya shiga fada a bayan ɗan sarki, dogarai ba sa duban tsufan rigarsa, suna duban wanda ya kawo shi. Ma'anar "cikin sunan Yesu" ke nan da muke faɗi a ƙarshen addu'a, ko da yake sau da dama baki yakan faɗe shi da sauri ba tare da tunani ba.

Sai dai mu lura, gabagaɗi dabam yake da girmankai. A Luka sura 18 mutum biyu suka je Haikali yin addu'a. Bafarisiye ya jera ayyukansa: azumi sau biyu a mako, da ba da zakka. Mai karɓar haraji ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga kai, ya roƙi jinƙai kawai. Yesu ya ce wannan na biyun ne ya koma gida karɓaɓɓe. Shi ma ya ji bai cancanta ba, amma ya zo, ya kuma buɗe baki.

Saboda haka, 'yan'uwa, in zuciya ta yi nauyi, kada mu jira sai mun gyaru. Marar lafiya ba ya jira ya warke kafin ya je asibiti. Mu faɗa wa Allah laifin da sunansa, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 1 Yohanna 1:9 kuma ya tabbatar mana cewa akwai gafara ga mai furta zunubinsa. In mun ɗauki kayan wani mu mayar, in mun ɓata wa wani rai mu nemi sulhu. In kalmomi sun ƙi zuwa, mu buɗe Zabura 51, addu'ar da Dawuda ya yi bayan babbar faɗuwarsa, mu mai da ita tamu.

Ku da kuke gama makaranta a bana, za ku je wuraren da babu ƙararrawar da za ta kira ku sujada. Ranar da kuka yi tuntuɓe a can, ku tuna ƙofar tana buɗe, ku shiga. Ubangiji ya taimake mu duka. Amin.