Fihirisa a kan faifai: yadda ake ɗaure ta da takardun da take nunawa

Duk wanda ya taɓa riƙe babban littafi ya san amfanin fihirisa, wato jerin nan da ke gaya wa mai karatu babi kaza yana shafi kaza. Sa'ad da ma'aikatu suka fara tara dokoki da rahotanni a kan faifan kwamfuta, fihirisa ta bi su can, amma aikinta ya sake. A kan faifai babu shafi. Kowace takarda fishiye ce mai sunanta, tana kwance cikin dosiye. Saboda haka ana sa wa kowane layi na fihirisa mahaɗi, in an latsa shi sai takardar ta buɗe.

Kamfanin Philips na Holan da Sony na Japan su suka ƙirƙiro faifan CD-ROM, ya shiga kasuwa a 1985. Yana ɗaukar megabait 650 zuwa 700, DVD kuwa da ya biyo baya gigabait 4,7. Wannan wuri ya isa ga dubban shafuna. Amma tarin takardu ba tare da fihirisa mai aiki ba, rumbu ne da aka cika aka manta ba a yi masa ƙofa ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen kwatancen hanya. Mahaɗi ba ya ɗauke da takarda, kwatance kawai yake yi, kuma kwatancen iri biyu ne. Na farko yana somawa daga cikin kwamfutar wanda ya shirya aikin, kamar C:\Biro\Rahoto\rahoto04.pdf. A biron mai shi komai zai buɗe lafiya lau. Da zarar an kai faifan wata ma'aikata, na'urar can za ta nemi dosiyen da ba ta da shi, ta ce ba ta ga takarda ba, alhali takardar tana nan kan faifai. Sa harafin faifan ma ba magani ba ne, domin abin da wata na'ura ke kira D, wata E take kiransa.

Kwatance na biyu yana somawa daga inda fihirisar kanta take, kamar takardu/rahoto04.pdf. Ma'anarsa: daga nan, shiga dosiyen takardu, ɗauko wannan. Kamar maigida ne ya ce wa baƙo: daga zaure, ɗaki na biyu. Ko ina aka kai faifan, zaure da ɗakin suna tare. Wannan shi ne kwatancen da ya kamata a bi.

Abu na biyu shi ne suna. Ƙa'idar duniya ta ISO 9660, wadda aka kafa a 1988, a matakinta na farko ba ta yarda sunan fishiye ya wuce haruffa 8 ba, sai 3 na bayan ɗigo. A 1995 kamfanin Microsoft ya kawo tsarin Joliet mai ɗaukar haruffa 64. In suna ya zarce iyaka, manhajar naɗa faifai takan datse shi, mahaɗi kuwa ya ci gaba da neman tsohon sunan. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, da na Faransanci masu alama a ka, su ma sukan rikiɗe tsakanin na'ura da na'ura. A cikin fihirisa, inda mutum ke karantawa, a rubuta Hausa da cikakkiyar ƙa'idarta. Sunan fishiye kuwa, wanda na'ura ke nema, ya zama gajere, ba lanƙwasa, ba fili a tsakani. A kula kuma da manyan haruffa da ƙanana, domin Linux yana bambanta su, Windows ba ya yi.

Tsarin aiki ke nan. A fara tara dukkan takardu cikin dosiye ɗaya. A ba su sunayensu na ƙarshe. Daga nan a rubuta fihirisa, a sa mahaɗai, kada a ƙara taɓa suna ko a matsar da fishiye. An fi so a ajiye takardun a sigar PDF, wadda Adobe ya fitar a 1993. Tun 2005 ma akwai PDF/A, wadda aka keɓe don ajiya mai tsawo. Bayan naɗa faifai, a gwada shi layi bayan layi a wata kwamfuta dabam, domin abin da aka rubuta a CD-R ba ya gogewa.

Yau sababbin kwamfutoci da yawa ba su da wurin sa faifai, ƴar sandar USB ta karɓi aikin, amma ƙa'idar kwatance ba ta sake ba. Faifan da ke akwatunan ma'aikatu kuwa, zafi da ƙura suna cin su, sai a kwafe su tun suna karantuwa, a ajiye fihirisa bugagga tare da su. Ma'aikaci yakan sami canjin wuri ko ya yi ritaya. Wanda ya gaje shi, da talakan da ya zo neman takardar filinsa ko ta fanshonsa, fihirisar da aka bari ita ce kaɗai za ta nuna musu hanya.